Juya kwanan wata a cikin WHERE: abin da ke sa rahoton ƙarshen rana jan ƙafa

Malam Nasiru, Kawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa a kan matsala guda. Teburin ciniki a rumbun bayanai (database) yana da ginshiƙin lokaci, an yi masa fihirisa (index, jerin da ke hanzarta nema), amma rahoton cinikin rana ɗaya sai ƙara nauyi yake yi wata bayan wata. In ka buɗe umarnin SQL da ke fito da rahoton sai ka tarar da wannan a WHERE, sashen da ke tace layuka:

`WHERE DATE(lokacin_ciniki) = '2024-03-15'`

Fihirisa tana jere ne bisa ainihin abin da ke cikin ginshiƙin: rana, awa, minti, sakan. Da ka naɗe ginshiƙin cikin DATE(), mai yanke lokaci ya bar rana kaɗai, ka tambayi injin rumbun bayanan abin da ba shi aka jera ba. Sai ya ɗauki layi ɗaya bayan ɗaya, ya yanke lokacin, ya gwada. Mai shago a Kasuwar Gumi in ka ce ya duba maka cinikin 15 ga Maris, tsakiyar littafi zai buɗe, don ya san yanke awa ba ya ɓata jerin ranaku. Injin MySQL bai san haka ba, daga shafin farko zai fara.

A ce tebur yana da layi miliyan 10 na shekara 3. Rana ɗaya ba ta wuce layi 9,000 da 'yan kai ba, amma za a karanta miliyan 10 kaf. Gyaran shi ne a bar ginshiƙin yadda yake, a ba shi iyaka biyu:

`WHERE lokacin_ciniki >= '2024-03-15' AND lokacin_ciniki < '2024-03-16'`

Hajiya Rabi, Barnawa

Wa alaikumus salam Malam. Yawancin yaran da nake duba wa aiki ba su ma san sun rubuta DATE() ba. A Laravel, ɗaya daga cikin kayan gina manhaja, whereDate() shi ke haifar da ita a MySQL, whereYear() kuma ya haifar da year(). A Django, wani irinsa, `__date` yana juya ginshiƙin, alhali `__year` ana mayar da shi iyaka biyu, don haka yana amfani da fihirisa. Kada ka yarda da abin da ka rubuta a manhaja, fito da ainihin SQL ɗin da ya tafi saba (server) ka sa masa EXPLAIN a gaba, umarnin da ke nuna yadda injin zai nemo layukan.

Wuri uku ake dubawa. In `type` ya nuna ALL, `key` ya nuna NULL, `rows` kuma ya kusa yawan teburin, to ana share teburin ne gaba ɗaya. Bayan gyara `type` zai koma range. Akwai wanda ke yaudarar mutane: `type` ya nuna index, sunan fihirisa ya fito a `key`, mutum ya ce alhamdu lillahi. A'a, wannan fihirisar ce ake karantawa daga farko har ƙarshe. Ya ɗan fi ALL sauƙi, amma sharar dai ce.

Injiniya Auwal, Unguwar Rimi

Malam Nasiru, a yi mini afuwa, akwai togiya a SQL Server, injin Microsoft. Tun daga na 2008, `CAST(lokaci AS date) = @rana` a kan ginshiƙin datetime yana iya bin fihirisa. Injin da kansa yake lissafa iyaka biyu a ɓoye, za ka ga Constant Scan da Compute Scalar a gaban Index Seek cikin tsarin aiwatarwa, wato bayanin matakan da injin zai bi. Duk da haka ba na barin sa a aiki, saboda hasashen yawan layukan da za su fito yakan kauce, kuma da wannan hasashen ne injin yake zaɓar yadda zai haɗa tebura da yawan ma'adanar (memory) da zai ware. Tebur ɗaya ba za ka ji komai ba, sai ka haɗa huɗu ko biyar.

Waɗanda ba su da togiya su ne YEAR(), MONTH(), DATEDIFF() da DATEADD() a kan ginshiƙi, da kuma uban su duka, `CONVERT(varchar(10), lokaci, 103)`, mai mayar da lokaci varchar, wato rubutu zalla. Wannan na ƙarshe ban da nauyi har amsar ƙarya yake bayarwa in aka yi amfani da shi wajen iyaka. Salo na 103 yana farawa da rana ne, kuma rubutu harafi-harafi ake gwada shi, don haka '02/04/2024' ya zama ƙasa da '15/03/2024', Afrilu ta riga Maris ke nan.

Lissafin a mayar da shi ɗaya ɓangaren. Maimakon `DATEADD(day, 30, lokaci) > GETDATE()`, a rubuta `lokaci > DATEADD(day, -30, GETDATE())`. Wajen aunawa kuma a kunna `SET STATISTICS IO ON` a kwatanta logical reads, wato yawan shafuka masu KB 8 da aka taɓa. Agogo ba shaida ba ne, domin gwaji na biyu daga ma'adana yake karantawa, dole ya yi sauri.

Malama Zainab, Tudun Wada

Injiniya ya yi daidai. Ni gargaɗina a kan BETWEEN ne, don nan ne masu gyara suke ɓata lissafin kuɗi. `BETWEEN '20240315' AND '20240316'` yana haɗawa da iyaka ta biyu, cinikin da ya faɗo daidai sha biyun dare zai fito a rahoton rana biyu. Sai mutum ya ce bari ya sa 23:59:59, ya zubar da duk abin da ya shigo cikin sakan na ƙarshe. Ya koma 23:59:59.999, a nan kuma datetime na SQL Server ba ya riƙe wannan adadin: ƙarshensa .000 ko .003 ko .007 ne kawai, sai ya cika shi ya zama sha biyun daren gobe. In ya sa .997 ya tsira yau, amma ranar da aka mayar da ginshiƙin datetime2, mai riƙe ƙananan gutsattsarin sakan, layuka za su fara zurarewa ba wanda ya sani. `>=` da `<` ba ruwansu da wannan duka.

Kuma a rubuta rana a matsayin '20240315' ba tare da ɗan layi ba. In harshen da aka saita wa SQL Server a wannan zaman British English ne, datetime yana karanta '2024-03-04' a matsayin 3 ga Afrilu.

Kabiru, Malali

Yayyena, a ƙara da maganar agogo. Najeriya tana gaba da UTC, agogon bai ɗaya na duniya, da awa ɗaya, ba ma kuma canja agogo da rani ko damina. In saba tana ajiye lokaci da UTC, ranar Kaduna tana farawa ne da ƙarfe 23:00 na jiya. Mai POS ko gidan mai da ke ciniki tsakanin sha biyu da ɗaya na dare, musamman a watan azumi, cinikinsa zai faɗa jiya, akanta ya kwana yana neman kuɗin da bai ɓata ba. Abin da aka saba yi shi ne a naɗe ginshiƙin cikin CONVERT_TZ(), a gyara lissafi a kashe fihirisa. Iyakar ce za a juya: daga '2024-03-14 23:00:00' zuwa ƙasa da '2024-03-15 23:00:00'.

A PostgreSQL, in ginshiƙin timestamptz ne, wato mai la'akari da bambancin agogo, sai a rubuta iyakar da `+01` a ƙarshe. Wanda ya gwada yin fihirisa a kan `lokaci::date` zai ga an ƙi, an ce sai aikin ya zama IMMUTABLE, wato mai amsa ɗaya kullum, domin amsar ta dogara da agogon wanda ke tambaya. Ana karɓar `((lokaci AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date)`, amma dole tambayar ta zo da wannan rubutun sak kafin a yi amfani da fihirisar. Teburin da aka raba wata-wata kuwa asararsa ninki biyu ce: da zarar an juya ginshiƙin, injin ba zai iya tsallake watannin da ba a nema ba, zai leƙa kowanne. `EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)` zai nuna maka, duba Rows Removed by Filter.

Alhaji Umaru, Kakuri

Akwai juyin da ba kai ka rubuta ba. Tsofaffin tsare-tsare da yawa an ajiye kwanan wata a varchar, kamar yadda muke rubutawa a takarda, 15/03/2024. In manhaja ta turo datetime aka gwada da wannan ginshiƙin, SQL Server ginshiƙin yake juyawa, don datetime ta fi varchar daraja a jerinsa. Za ka ga CONVERT_IMPLICIT a tsarin aiwatarwa. Layi ɗaya da aka rubuta 31/02 ya isa ya kayar da rahoton gaba ɗaya.

Yadda ake fita: a ƙara sabon ginshiƙi na date. A fara neman gurɓatattu da `TRY_CONVERT(date, tsoho, 103) IS NULL`, wanda yake nan tun SQL Server 2012, a miƙa su ga masu bayanan su gyara, kada ka yi musu hasashe. A cika sabon ginshiƙin kashi-kashi, ƙasa da layi 5,000 a kowane zagaye, don kusa da wannan adadin ne injin yake ɗaga kulle ya rufe tebur dungurungum. A yi fihirisa, a juya rahotanni ɗaya bayan ɗaya, sannan a cire tsohon. A yi shi da dare, kuma da ajiyar kwafi a hannu, don wuta na iya ɗaukewa a tsakiya.

Hajiya Rabi, Barnawa

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wanda ba shi da ikon taɓa manhajar, misali ta ɗan kwangila ce da ya tafi, yana da mafita a ɓangaren saba: MySQL daga 8.0.13 yana karɓar fihirisa a kan `(DATE(lokaci))`, Oracle kuma a kan TRUNC(). Amma kowace ƙarin fihirisa ana biyan kuɗinta a duk INSERT, wato duk sabon layin da aka shigar, ba kyauta ba ce.

Sadiya, Rigasa

Malamaina, to rahoton da ke tara cinikin kowace rana fa? Dole ne in sa DATE() a GROUP BY.

Malam Nasiru, Kawo

Ƙanwata, sa abinki. Juyi a SELECT ko GROUP BY yana aiki ne a kan layukan da WHERE ya riga ya tace, laifin yana wurin tacewar. Ki tace wata guda da iyaka biyu, sannan ki tara su rana-rana. In kina tacewa da reshe ma, ki yi fihirisa ɗaya a kan (reshe, lokacin_ciniki), reshen a gaba, domin ginshiƙin da ake gwadawa da `=` shi ke riga mai iyaka. Idan kuma rahoton na shekara 2 ne daga cikin 3, kada ki yi mamaki in injin ya yi watsi da fihirisar ya share teburin, a wannan yawan sharar ta fi masa araha.