Tambaya a kan tseren zamiya na kilomita 90 a Suwidin

Baban Nana, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Suwidin ya sanar da mu cewa ya yi rajistar tseren Vasaloppet, wanda ake yi a kan dusar ƙanƙara da dogayen katakai biyu a ƙafa da sanduna biyu a hannu. Ya ce nisan kilomita 90 ne, kusan kamar daga nan Maradi zuwa Katsina. Tun da Inna ta ji haka hankalinta bai kwanta ba. Shin wanda ya tashi a zafin garin nan, hunturu biyu kacal ya yi a can, zai iya kai ƙarshe?

Tsohon ɗalibi, Tibiri:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na taɓa shiga sau ɗaya. Tun 1922 ake yin tseren, a Lahadin farko ta watan Maris, daga Salen zuwa Mora, kuma mutum sama da 15,000 ne ke tashi da ƙarfe 8 na safe. Ku gaya wa Inna cewa sanyi ba shi ne abin tsoro ba, domin kafin mutum ya gama hawan tudun farko zufa ta jiƙa masa baya. Abin tsoron shi ne igiya. A kowace tasha akwai lokacin da aka ƙayyade, idan ya cika sai a ja igiya a tare hanya, wanda ya makara kuma a mota zai ƙarasa Mora. A tudun farkon nan hanya ta tsuke, na daɗe ina tsaye ina kallon ƙeyar na gabana, lokaci kuwa yana tafiya. Da na isa Evertsberg, wajen rabin hanya, yatsuna sun ƙi riƙe kofin miyar bulubari (wasu ƙananan 'ya'yan itace masu launin shuɗi) mai ɗumi da ake rabawa, sai da na tallafe shi da tafin hannu biyu.

Malamin motsa jiki, Madarunfa:
Alhaji, ka tambaye shi yadda hannuwansa suke, ba ƙafafunsa ba. Manyan 'yan tseren yanzu da sanduna suke tunkuɗa kansu tun daga farko har ƙarshe, aikin kuwa na kafaɗa ne da ciki da baya, kamar na mai daka. Shi sabon shiga dole ne ya shafa kakin riƙo a tsakiyar katakon don kada ya riƙa sulɓewa baya a kan tudu, kuma kakin da ya dace da sanyin safiya yana iya ƙin aiki idan rana ta ɗaga.

Tsohon ɗalibi, Tibiri:
Gaskiyar Malam ce. Ni dai da ƙanena ne, zan ce ya fara da Halvvasan mai kilomita 45, wanda ake yi a makon, ya bar babban sai baɗi.

Baban Nana, unguwar Zariya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan kira shi bayan isha'i, in haɗa shi da Inna a waya.