Na fito a boka, sunan ya biyo ni har gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Tela ne ni a Kasuwar Barci da ke Kaduna, kuma shekara 3 ke nan ina wasan daɓe da wata ƙungiya a Tudun Wada. Da ƙaramar sallah muka yi wasa a wurin shaƙatawa na Gamji, aka ce in fito a boka. Na shafa baƙin tukunya, na rataya layu da ɗiyan wuri. Da na daka tsawa, wata tsohuwa a layin gaba ta ce "A'uzubillahi", ta janyo jikarta. Wallahi daɗin da na ji ranar, keken ɗinki bai taɓa ba ni shi ba.

To wani ya ɗauka a waya ya watsa a TikTok. Yanzu yaran layinmu Boka suke ce min, kawun yarinyar da nake nema kuma ya ce a dakata da sa rana sai an sake bincike. Ga shugabanmu yana so in maimaita. In karɓa ko in haƙura?

Baban Khalifa, Kawo: Ƙanena, da ba ka iya ba, sunan ba zai bi ka ba. Marigayi Usman Baba Pategi har ya rasu a 2023 Samanja ake ce masa, da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Sai dai shi a soja ya fito, kuma dama tsohon soja ne. Naka da ɗan nauyi.

Maman Ilham: Ɗana, bar maganar yara, kawun ne abin ji. Kar ka je da kanka. Ka tura babba, ko limamin masallacinku, ya tafi masa da cikakken wasan ya ga yadda bokan ya ƙare. Guntun bidiyo ya gani.

Anti Ladi, Unguwar Rimi: Ni muguwar kishiya na taɓa fitowa. Tsawon wata guda mai tumatir ɗinmu ba ta yi min gyara ba, wai na cika zalunci! Na ce wa darakta wasa na gaba sai dai uwa ko malama, sannan aka manta. Ka nemi wani matsayin har a ɗaura auren nan.

Ɗan Rigasa: Wai tsaya, nawa ma aka biya ka?

Mai tambaya: Kuɗin Keke Napep da ruwan leda biyu. Mama, gobe bayan Magariba zan samu liman in sha Allah.