Fili mai baƙar laka a Marwa ta Kamaru: yaya ake daɓe shi kafin gini?

Ɗan Domayo:
Assalamu alaikum magina. Fili ne a bayan gari, ƙasarsa baƙar laka irin wadda Fulani ke kira karal. Da rani tana tsagewa har hannu ya shige. Gidan ɗaki uku ake so na bulon siminti. Shin a jiƙa ta a daɓe kawai, ko sai an kwashe?

Malam Hamadu Birkila:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka daɓe karal ka ɗora gini a kai. Da damina tana shan ruwa ta kumbura, da rani ta motse, bango kuwa ba ya iya bin wannan hawa da sauka, sai ya tsage daga kusurwar taga. A haƙa ramin harsashi ya wuce inda tsagar rani ta tsaya, sau da yawa mita 1.5 ko fiye. A cikin ɗakuna a kwashe aƙalla santimita 50, a cike da marmara ko yashin rafi mai tsakuwa.

Injiniya Garwa:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a cikon ne aka fi yin ɓarna. Leburori su juye tifa guda, su kwarara ruwa, su ce ta zauna. Yashi ne ke zama da ruwa. Ƙasa mai laka taɓo take komawa, sama ya bushe ciki na nan danye, bayan shekara daɓen ɗaki ya lotsa.

A zuba kashi-kashi: santimita 10 in madaɓin hannu ne, 15 zuwa 20 in inji ne. A yayyafa ruwa, a juya da shebur. Gwajin danshi: dunƙule ta a hannu ka sake ta daga tsayin ƙugu. Ta fashe gida uku ko huɗu, daidai ke nan. Ta zama gari, ƙara ruwa. Ta manne a dunƙule, ruwa ya yi yawa, a baza ta ta sha iska. In ciko na da laka, injin daɓe mai tsalle ya fi mai faranti, domin girgiza yashi take yi wa aiki. In bene za a gina kuwa, a kai samfurin ƙasar Labogenie, ɗakin gwajin ayyukan gini na gwamnatin Kamaru, su yi gwajin Proctor, mai nuna iyakar daɓuwar da ƙasa za ta iya yi. Kashi 95 cikin 100 na wannan iyakar ake nema a cikon.

Ɗan Domayo:
Na gode, ranka ya daɗe. Marmara da tsada. Siminti fa, in an gauraya da lakar?

Alhaji Kusiri:
Siminti ba ya gauraya da laka mai danƙo, curi-curi yake yi. Farar ƙasa ce maganinta, wato lime da Turanci, chaux da Faransanci, kamar kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyin ƙasar, a bar ta ta kwana biyu da danshi kafin daɓe. Sannan a zagaye gidan da daɓen siminti mai faɗin mita 1.5 da gangare zuwa waje, indararo ya zubar nesa. Darbejiya kuma kada a dasa ta jikin bango, saiwarta na tsotse ruwan gefe ɗaya, harsashi ya karkata.