Neman kalma: rounding da kwanan wata ke yi wa sharaɗi

Mai Fassara: Jama'a a agaza, gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasin Power Query, wato kayan aikin tsara bayanai da ke cikin manhajar lissafi ta Excel. Ga inda na maƙale: alƙaluman da suka gabaci 1 ga Janairu 2024 a mai da su cikakku, na bayan ranar kuma a bar musu gurbi biyu bayan ɗigo. Me zan kira rounding ɗin nan da kwanan wata ke yi wa sharaɗi? Na sa "ƙiyasi" amma raina bai kwanta ba.

Malamar Lissafi: Gara da bai kwanta ba. Ƙiyasi sai wanda bai san adadin ba, kai kuwa yana hannunka. Ni "kusantarwa" nake cewa a aji: 7.86 ta koma 8.

Ɗan Kwamfuta: Datsewa fa?

Malamar Lissafi: Ka datse 7.86, 7 za ta rage maka. Aikin daban ne.

Tsohon Ɗan Jarida: Mulmulawa! Na daɗe ina faɗa. Lamba mai kaifi ce aka shafe mata gefe, kamar laka a hannun magini. "Mulmulawa bisa rana", magana ta ƙare. Kuma ku bar "sharaɗi", Larabci ne.

Ɗan Kwamfuta: Ranka ya daɗe, "lamba" da ka rubuta fa, daga Turanci ta zo.

Tsohon Ɗan Jarida: Ita ta zama 'yar gida. Ku yaran yanzu kunyar harshenku kuke ji, sai abin da ya yi ƙamshin boko.

Malamar Lissafi: Baba, ba kunya ba ce. Mulmulawa siffar kalmar Turancin ta bi, ba aikin ba. Ɗalibi zai tambaye ni a mulmula zuwa ina.

Ɗan Kwamfuta: Kusantarwar ma da gyara. 2.5 tsakiyar 2 da 3 take. ROUND na Excel 3 zai ba ka, Number.Round na Power Query kuwa 2, don in ba ka faɗa masa ba wajen lambar da ke rabuwa biyu yake karkata. Rahoto ɗaya, jimilla biyu.

Mai Fassara: Kai! Wannan ban sani ba, zan ƙara wa darasin layi guda. Na ɗauki "kusantar da adadi bisa sharaɗin kwanan wata". Ya yi tsawo, amma lokaci ya ƙure.

Tsohon Ɗan Jarida: To, ka kai musu. Ni a littafina mulmulawa ce.