Wa ya taɓa tura bayanan mutane daga R, ya kuka kulle su?

Mai ƙididdiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da teburin binciken marasa lafiya a R, manhajar ƙididdiga, akwai suna da lambar waya da ciwon kowa, kuma dole abokin aikina ya karɓa ya ci gaba da nazari. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi, ba na son in jefa shi a imel haka tsirara.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ni openssl nake amfani da shi, fakejin Jeroen Ooms. Abokin naka ya yi rsa_keygen a wajensa, zai ba shi makulli biyu, na fili mai kullewa da na sirri mai buɗewa, sai ya turo maka makullin fili, na sirrin kuma ya zauna a kwamfutarsa kar ya fita ko da wasa. Kai sai ka yi wa teburin serialize, wato ka mayar da shi jerin bayit, ka miƙa wa encrypt_envelope tare da makullin filin, ya kulle shi kamar a ambulan. Kar ka wahalar da kanka da rsa_encrypt kai tsaye, na gwada ya ƙi, don RSA, tsarin kullewa mai makulli biyun nan, in mai bit 2048 ne ba ya ɗaukar sama da bayit 245 a tashi ɗaya, shi ya sa ambulan ɗin yake kulle data da AES, wani tsarin kullewa mai makulli ɗaya, sannan ya kulle makullin AES ɗin da RSA.

Malamar lissafi: Malam kafin ma ka tura, shin abokin naka yana bukatar sunaye da lambobin? In ba ya bukata cire su kawai. A inda na taɓa aiki wani ya yi wa lambobin waya sha256, wato hashi, lissafin da ke mayar da rubutu jerin haruffa marasa ma'ana, yana ta murna wai ya ɓoye su, wallahi a gabansa aka dawo da su, saboda lambobin waya ƙidayayyu ne, kwamfuta za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta fitar da hashin kowace ta kwatanta da nasa, shi ke nan asiri ya tonu. In dole sai an bar alamar gane mutum to ka sa key= a cikin sha256 ɗin ya zama HMAC, wato hashi mai makulli, makullin kuma ya tsaya hannunka. Tsohon hashin nan MD5 kam a manta da shi, tun 2004 aka karya lagonsa, SHA-1 ma a 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fito da fayil biyu daban masu hashi ɗaya.

Sabon shiga: Malama ni da set.seed da sample nake haɗa makulli, akwai matsala ne?

Malamar lissafi: Babba ma kuwa ƙanina. Wannan Mersenne Twister ne, injin da R ke fitar da lambobi barkatai da shi, an yi shi don gwajin ƙididdiga, duk wanda ya san seed ɗinka, lambar da ka sa a set.seed, ya san makullinka. rand_bytes za ka kira. Kuma kar ka rubuta makulli cikin kod ka tura GitHub, shafin ajiyar kod, ko ka goge yana nan a tarihi, akwai fakejin keyring don ajiyarsa.

Ɗan dare: Ni sa hannu na dijital ne ya cece ni, wanda ke nuna ko an taɓa fayil a hanya. Na tura fayil da signature_create, can aka dawo ana cewa alƙalumana ba su yi daidai ba, na ce a yi signature_verify, ya ƙi amincewa, ashe wani ne a hanya ya buɗe fayil ɗin ya sake ajiyewa ranakun suka birkice. Satifiket kuma, wato shaidar da ke tabbatar da sabar da kake magana da ita, ranar 30 ga Satumba 2021 da tsohon tushen satifiket mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, sabarmu mai OpenSSL 1.0.2 ta daina sauko da data, nan take aka ce a sa ssl_verifypeer = FALSE, wato a daina duba satifiket, a wuce wurin, na ce a'a, yin haka ko wa ya tsaya a tsakani za ka miƙa masa komai, sabunta injin muka yi.

Mai ƙididdiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire sunayen, abokin nawa ya turo makullin fili ta imel. To ya zan tabbatar nasa ne?

Tsohon hannu: Kira shi a waya ya karanto maka fingerprint ɗin makullin, wato gajeren hashinsa, kai kana duba na wanda ya iso maka.