Wa likita ya taɓa ce masa ɗansa na da ciwon Kawasaki?

Uwar biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Autana ne zazzaɓi ya ƙi sauka, maganin maleriya ya ƙare, shiru. Idanu jajur amma ba kwantsa, leɓe duk ya tsattsage, ga kaluluwa a wuya ɓangare ɗaya. Da likita ta ce Kawasaki ne, maigidana cewa ya yi, "Likita, babur kuma?" Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban 'yan mata: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma tambayar da na yi ke nan a kan 'yata. Na babur Shozo Kawasaki ne, ɗan kasuwar Japan da ya faro da ƙera jiragen ruwa. Na ciwon kuwa likitan yara ne a Tokyo, Tomisaku Kawasaki, wanda ya wallafa bayanin yara 50 a 1967, ya rasu a 2020 yana da shekara 95. Tawa an kama da wuri, yanzu tana makaranta.

Kakar yara: Mu ƙyanda muka zata, muka killace jikana a ɗaki muna jiƙe-jiƙe. Sai da fatar yatsunsa ta fara saɓa daga bakin farce hankalinmu ya tashi. Hoton zuciya ya nuna wata jijiya ta kumbura. Har gobe yana kan magani.

Nas a ɗakin yara: Hajiya, abin da muke tsoro ke nan. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ciwon ke kumburawa, kuma cikin yara huɗu da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya na gamuwa da haka. Yawanci 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Ana ƙara musu IVIG, wato ruwan maganin garkuwar jiki, ta jijiya cikin kwana 10 na farko, haɗe da asfirin, amma don Allah kada kowa ya sayo wa yaro asfirin a kemis da ra'ayin kansa. IVIG ɗin na da tsadar gaske, mun sha ganin dangi na karo-karo.

Uwar biyu: Karo-karon muka yi wallahi, Sista. An ɗaura masa jiya, zazzaɓin ya sauka. Rigakafin ƙyanda fa, lokacinsa ya kusa?

Nas a ɗakin yara: Ki je wa likitarsa da katin. Bayan IVIG akan ɗage shi wata 11. Kuma ko ya warware sarai, ku koma hoton zuciyar da za ta rubuta muku.