Kwamfuta ta ƙi buɗe wasu shafuka bayan an cire mata bairos

Assalamu alaikum. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min. Kwamfutarmu ta gida mai Windows 10 ta kamu da bairos, na wanke ta da Malwarebytes. To amma har yanzu shafin Microsoft da na kamfanonin riga-kafin bairos sun ƙi buɗewa, a Chrome da Firefox duka, alhali YouTube lafiya lau. Wayata tana buɗe su a kan intanet ɗin gidan, don haka matsalar ba daga layi take ba. Na mayar da DNS zuwa 8.8.8.8, na kashe furoksi, shiru. A fayil ɗin hosts kuma na ga sunayen shafukan nan jere, kowanne da 127.0.0.1 a gabansa. Shin in goge layukan? Ba na so a kai ga sake zuba Windows, don takardun makarantar yara duk suna ciki.